Addu'ar Fitowar Rana ta Mutanen Indiya: Wa Harshe Yake Kira?

Babu wanda ya tashi a ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, da zai ce waƙar Indiya baƙuwa ce a kunnensa. Tun cikin shekarun 1950 masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya Kano, daga can kuma waƙoƙin suka bi rediyo da kaset har suka shiga ƙauyukanmu. Mai shayi yana rera su, tela yana rera su bisa kekensa, yarinya tana rera su a bakin rijiya, alhali babu ko ɗayansu da ya san ma'anar kalma guda. Ba a ɗauki wannan a bakin komai ba, domin yawancinsu waƙoƙin soyayya ne, kuma mai rerawa ba ya nufin kowa da su.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo wani abu dabam. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka kuma fara bikinta a 2015, darussan motsa jiki da na numfashi irin na Indiya suka yawaita a intanet. A cikinsu akwai masu koyar da wani gajeren baiti da ake rerawa da asuba ana fuskantar gabas, suna cewa yana kwantar da hankali, yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana taimakon ɗalibi lokacin jarrabawa. Sunan baitin Gayatiri. Matashin da ya ci karo da shi yana da ikon ya tambayi Fada ko katakis: shin Kirista zai iya koyonsa ya rera? Ba ya kyautuwa mu amsa masa da tsawa, ba ya kuma kyautuwa mu ce masa ai sauti ne kawai. Wajibi ne mu fara sanin abin da ake magana a kansa.

Baitin yana cikin Rig Veda, mafi daɗewa cikin littattafan addinin Hindu, a kashi na 3, waƙa ta 62, baiti na 10. Rig Veda tarin waƙoƙi 1,028 ne cikin harshen Sanskirit, kuma masana suna ganin an tsara su tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Almasihu, wato tun kafin Sarki Dauda ya hau gadon sarauta. Ana danganta wannan baiti da wani mai hikima da ake kira Vishwamitra. Kalmar Gayatiri kuwa asalinta sunan karin waƙar ne: ɗango 3, kowane ɗango gaɓa 8, jimla gaɓa 24. Bai kai tsawon A Gaishe Ki Maryamu ba. Kafin a fara shi akan furta sautin nan mai tsarki a wurinsu, Om, sa'an nan kalmomi uku masu nufin ƙasa, da sarari, da sama.

A al'adar gargajiya ba a tsintar wannan baiti a hanya. Akwai biki na musamman da ake kira upanayana, inda ake rataya wa yaro zare mai tsarki daga kafaɗar hagu, sa'an nan mahaifinsa ko malaminsa ya raɗa masa baitin a kunne. Ɗan gidan Barahmin, wato gidan firistoci, akan yi masa wannan yana da kimanin shekara 8, kuma suna kiran ranar haihuwa ta biyu. Daga nan ya zama dole a kansa ya riƙa karanta baitin sau uku a yini: da asuba, da tsakar rana, da faɗuwar rana. Da yawa suna ƙirga shi da carbi mai ƙwaya 108.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne irin kulawar da suke yi wa furuci. Ƙarnuka masu yawa ba a rubuta Veda ba, daga baki zuwa kunne ake gadonta. Domin kada gaɓa ɗaya ta ɓace, suka ƙirƙiro hanyoyin hadda iri-iri. Ɗalibi yakan karanta baiti a jere, ya sake karanta shi kalma-kalma, ya sake haɗa kalmomin biyu-biyu, sa'an nan ya riƙa tafiya gaba yana komawa baya yana saƙa su, har sunan ɗaya daga cikin hanyoyin ma'anarsa kitso. Wanda ya taɓa kwana kusa da tsangaya, ya ji gardawa suna tilawa da tsakar dare a gindin wuta, ya kuma ga yadda alaramma yake kama kuskuren wasali ɗaya daga nesa, zai gane irin wannan horo ba tare da dogon bayani ba. A 2003 hukumar UNESCO ta sa rera Veda cikin manyan abubuwan gādo na baka na 'yan Adam.

Bugu da ƙari, a Sanskirit na Veda murya tana hawa tana sauka bisa ƙa'ida, kuma hawa da saukar suna iya juya ma'ana. A nan Bahaushe ya fi Bature saurin fahimta, domin haka harshenmu yake. Kuka na mai hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Wuyan da ake rataya sarƙa dabam, wuyar da ake sha dabam. Haruffa ɗaya ne, murya ce ta raba su. Malaman Veda suna da wani tsohon labari da suke tsorata ɗalibai da shi. Wai wani daga cikin allolinsu, Tvashtar, ya yi fushi da Indra, sai ya miƙa hadaya yana roƙon ɗa wanda zai hallaka Indra. Amma da ya zo furta kalmar, ya ɗaga murya a gaɓar da ba ita ba, sai ma'anar ta juye ta zama wanda Indra zai hallaka. Aka haifi ɗan, Indra kuwa ya kashe shi. Darasin da suke cirowa shi ne, kalmar tsarki takan aikata abin da baki ya faɗa, ko da zuciya wani abu take nufi.

To, me baitin yake cewa? Masu addu'ar suna tsayar da zuciyarsu a kan kyakkyawan hasken wani abin bauta mai suna Savitar, suna kuma fatan ya zaburar da tunaninsu. Iyakarta ke nan. Babu roƙon shanu, babu roƙon nasara a yaƙi, babu roƙon tsawon rai, ko da yake sauran waƙoƙin Rig Veda cike suke da irin waɗannan roƙe-roƙe. Sunan Savitar ya fito daga kalmar da take nufin zuga ko tayarwa. Shi ne, a ganinsu, mai tashe halittu da safe ya tura kowa ga aikinsa, ya kuma kwantar da su da dare. Sayana, babban mai sharhin Veda na ƙarni na 14, ya ce Savitar sunan rana ne kafin ta ɓullo, lokacin da haskenta ya riga ya iso amma ido bai gan ta ba tukuna.

Su kansu mabiya addinin Hindu bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wanda ake kira. Talaka a bakin kogi yana iya ɗebo ruwa a tafin hannu ya zuba wa ranar da yake gani da idonsa, yana ɗaukanta abin bauta mai rai. Masu zurfin tunani na littattafan Upanishad kuwa sun ce ƙwallon wutar da ido yake gani murfi ne kawai, gaskiya tana bayansa. Daga nan suka ɗaga maganar zuwa inda ta fi wuya: hasken da yake cikin rana da hasken da yake cikin zuciyar mutum, wanda da shi yake sanin cewa ya sani, ainihinsu ɗaya ne. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 bayan haihuwar Almasihu, ya kai wannan tunani ƙarshensa, ya koyar cewa a can ƙasan al'amari babu biyu, ran mutum da tushen dukan abubuwa abu guda ne, jahilci ne yake sa mu ga rabuwa. Ramanuja da Madhva, waɗanda suka zo bayansa, ba su yarda da shi ba. Madhva musamman ya tsaya a kan cewa Allah dabam, bawa dabam, har abada. Saboda haka mutum uku suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da asuba, suna furta gaɓoɓi 24 ɗin nan da murya ɗaya, ɗaya yana kiran rana, ɗaya yana kiran Ubangiji mai zaman kansa, na ukun kuwa yana tunatar da kansa cewa shi ne hasken. Duk wanda ya ce mana sauti ne kawai, bai yi wa ko ɗayansu adalci ba.

Gardamar sauti da ma'ana tsohuwa ce a Indiya. Wani malami mai suna Yaska, wanda ya rubuta littafin asalin kalmomin Veda ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu, ya kawo ra'ayin wani Kautsa da ya ce baitocin ba su da ma'ana, aikinsu yana cikin furta su daidai a wurin hadaya. Yaska ya ƙi wannan. A ganinsa, in makaho bai ga ginshiƙi ba, ba laifin ginshiƙin ba ne, kuma mai hadda ba tare da fahimta ba ɗan dako ne kawai, yana ɗauke da kayan da bai san abin da yake ciki ba. Duk da haka ra'ayin Kautsa bai mutu ba, kuma ba a Indiya kaɗai yake raye ba. Mu ma mun san shi. Shi ne tunanin da yake bayan surkullen boka: kalmomin da ba a gane su sun fi ƙarfi, kuma in an furta su adadi kaza a lokaci kaza, dole abin ya faru, ko mai furtawa mutumin kirki ne ko ɓarawo. Wannan tunani yana da daɗin karɓa domin yana sa iko a hannun mutum. Mai surkulle ba ya roƙo, umarni yake bayarwa. Kuma kada mu yi saurin nuna wasu da yatsa: Kiristan da ya gaskata cewa in ya maimaita wata addu'a sau 9 cikin kwana 9 dole Allah ya biya masa bukata, in kuwa ya tsallake rana ɗaya komai ya rushe, almajirin Kautsa ne, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun yi shekaru suna amsa Mas da Latin, harshen da ba su ji. Ba za mu ce addu'arsu ta faɗi ƙasa ba. Tsohuwar da ba ta san fassarar kalma ɗaya ba ta san sarai Wanda take durƙusa wa, ta san an gicciye shi dominta, kuma katakis ya koya mata abin da ake yi a bagade. Rashin sanin kalma bai hana ta sanin Mai sunan ba. Duk da haka Ekklisiya ta ga ya fi kyau baki da hankali su tafi tare, shi ya sa a ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a a cikin sujada, abin da Manzo Bulus ya riga ya nuna wa Korintiyawa sa'ad da ya fifita 'yan kalmomi kaɗan da fahimta a kan dubbai da ba mai ganewa. Matashin da yake koyon Gayatiri daga waya yanayinsa ya sha bamban da na tsohuwar nan. Bai san kalmomin ba, bai kuma san wanda ake kira da su ba. Rashi biyu ne a kansa.

Game da ita ranar kanta, muna da abin faɗi daga ƙasarmu. Wanda ya yi noma a jigawar Babura, ko ya bi duwatsun Roni da ƙafa a watan Afrilu, ba ya bukatar a faɗa masa ikon rana. A bakin Bahaushe rana wahala ce: mukan ce wane ya sha rana, mukan yi wa mai aiki sannu da rana, in kuma muna son kwatanta jin daɗi sai mu ambaci inuwa, da sanyi, da ruwa. Amma manomin nan kuma ya san in ba ita, gero ba ya nuna, wake ba ya bushewa, gyaɗa ta ruɓe a ƙasa. Abu mai rayarwa, mai ƙonewa, wanda ba a iya kallonsa ido da ido, wanda ba ya makara ko da yini ɗaya: ba abin mamaki ba ne mutanen dā suka durƙusa masa daga Masar har Indiya. Littafin Hikima, a sura ta 13, ya yi magana a kan irin waɗannan mutane, ya ce laifinsu bai kai na masu sassaƙa gumaka ba, domin watakila cikin neman Allah ne kyan halitta ya ɗauke musu ido, ko da yake bai wanke su sarai ba, tun da mai hankalin da ya iya auna halitta ya kamata ya kai ga Mahalicci.

Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki wannan al'amari da tsananin hattara. A wurinsu an hana nafila daidai lokacin da rana take ɓullowa, da lokacin da ta tsaya tsaka, da lokacin da take faɗuwa, don kada sallar mai kaɗaita Allah ta yi kama da sujadar masu bautar rana. Kusan lokutan nan uku ne mai Gayatiri yake tsayawa addu'a. Mu kuma a kusan waɗannan lokuta, ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, ƙararrawa takan kira mu ga addu'ar Mala'ikan Ubangiji. Rana ɗaya ce take raba wa dukanmu yini, amma abin da kowa yake yi da lokacin ya danganta ga wanda yake bauta wa.

Ekklisiya ta taɓa fuskantar wannan tambaya a cikin gidanta. Kiristocin farko suna fuskantar gabas in za su yi addu'a, suna ɗaukan fitowar rana alamar tashin Almasihu daga matattu. Amma a zamanin Paparoma Leo Babba, wanda ya yi mulki daga 440 zuwa 461, waɗansu masu zuwa sujada a majami'ar Bitrus Mai Tsarki a Roma, in sun hau matakala sai su juya su rusuna wa rana kafin su shiga. Leo ya tsawata musu a wa'azinsa na Kirsimati. Abin lura shi ne hujjar da ya kawo. Ya yarda cewa watakila waɗansunsu Mahaliccin hasken suke girmamawa, ba hasken ba, amma ya ce duk da haka su bari, domin sabon tuba da ya rabu da bautar alloli, in ya ga wannan a ƙofar majami'a, zai ɗauka tsohuwar hanyarsa ma daidai ce. Wannan hujja ta dace da mu ƙwarai. A cikinmu akwai waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka bar tsafi da kan gida suka karɓi baftisma, kuma kewaye da mu akwai maƙwabta masu lura da yadda muke sujada, waɗansunsu ma suna zarginmu da shirka tun ba mu yi komai ba. Kirista da aka gani a bayan gari da asuba yana fuskantar rana yana rera baitin wani abin bauta, ba kansa kaɗai ya jawo wa magana ba. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta Waliyyi Faransis na Asisi, wanda wajen 1225, yana fama da ciwon ido har ba ya iya jure hasken yini, ya tsara waƙar yabon Allah inda ya kira rana ɗan'uwa. Da Bahaushe ne da ya ce 'yar'uwa. Ko ta yaya, ɗan'uwa abokin yabo ne, tare ake tsayawa da shi a gaban Uba.

Sai dai akwai masu ƙalubalantar wannan matsayi, kuma ba jahilai ba ne. A ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, wadda ta ambaci addinin Hindu da sunansa cikin girmamawa, ta kuma bayyana cewa Ekklisiya ba ta watsi da duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai. A kudancin Indiya, a bakin kogin Kaveri, akwai gidan sufaye na Katolika mai suna Shantivanam, wanda firistoci biyu Faransawa, Jules Monchanin da Henri Le Saux, suka kafa a 1950, daga baya kuma Fada Bede Griffiths, Baturen Ingila, ya jagorance shi daga 1968 har rasuwarsa a 1993. A can an shigar da baitocin Sanskirit cikin addu'ar yau da kullum, har da Gayatiri, suna nufin Almasihu hasken duniya da shi. In su sun yi, me zai hana ɗan Gwiwa?

Amsarmu ita ce, mutanen nan sun biya farashin da mai waya bai biya ba. Sun ƙare rayuwarsu a cikin mutanen da baitin yake nasu, sun yi nazarin littattafansu, sun san abin da kowace kalma take ɗauke da shi, suka kuma zaɓi ma'anar da suke nufi da idonsu a buɗe. Duk da haka ba su tsira daga suka ba. Waɗansu Katolika sun ce sun gauraya abin da ba ya gaurayuwa, waɗansu 'yan Hindu kuma sun ce an ɗauki kayansu an sa wa wani. Wannan ƙorafi na biyu ya cancanci a saurare shi. Mu tuna yadda za mu ji in muka tarar an mai da Addu'ar Ubangiji maganin barci, ana koya wa waɗanda ba su san Uban ba su riƙa furta ta don saukar da hawan jini. Girmama addu'ar wani ya haɗa da yarda cewa addu'a ce, tana da mai ita, tana da wanda ake yi wa. A Kano an ga wata hanya dabam ta aro: mawaƙan bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin finafinai suka zuba musu kalmomin yabon Annabi da Hausa. Ko su ba su rasa masu suka ba, amma dai sun san abin da bakinsu yake faɗa. Murya suka ara, ba su ari kira ba.

Maganar kwanciyar hankali kuwa, gaskiya ce, amma ba ta tabbatar da abin da ake so ta tabbatar. A 2001 mujallar likitoci ta Ingila, BMJ, ta buga binciken Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya, waɗanda suka auna masu karanta rosari da Latin da masu rera wani baitin yoga. Suka tarar dukansu numfashinsu yakan sauka zuwa kimanin sau 6 a minti ɗaya, bugun zuciya kuma ya daidaita. Ashe natsuwar daga jan numfashi a hankali take zuwa, kuma carbin da yake rataye a ɗakin iyayenmu mata yana ba da ita. Wasiƙar da ofishin koyarwar bangaskiya na Vatikan ya aika wa bishop-bishop a ranar 15 ga Oktoba 1989, da sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger, ba ta hana amfani da hanyoyin natsuwa na Gabas ba, muddin ba su rufe ainihin addu'ar Kirista ba, wadda take zance ce tsakanin mutum da Allah, biyu da ba sa narkewa su zama ɗaya. Ta kuma gargaɗe mu kada mu ɗauki daɗin da jiki yake ji a matsayin ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki. Saboda haka ga abin da za mu ce wa matashin: karanta tarihin baitin, san ma'anarsa, saurare shi da ladabi in ka ji shi a fim ko a gidan Ba'indiye a Kano, in kana son koyon zama shiru da jan numfashi ka koya. Amma kada ka mai da shi addu'arka, domin an yi maka baftisma cikin wani suna, kuma kira ba ya zama wofi don mai kiran bai san wanda yake kira ba.

Akwai wani ɓangare na tarihin baitin da bai kamata mu tsallake ba. Ƙarnuka da yawa an hana mata koyonsa, an hana 'yan ƙananan dangogi ko da jinsa. Addu'ar neman hasken tunani ta zama gādon gidaje ƙalilan, alhali ranar da ake ambata a cikinta ba ta zaɓen gida. Mu da muke yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa mun ga saɓanin nan da sauri. Su ma a cikinsu an sami waɗanda suka gan shi: Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombai a 1875, ya koyar cewa Veda ta kowa ce, mace da namiji, babba da ƙarami, kuma yau miliyoyin da dā aka hana suna rera baitin a fili. Kafin mu yi musu dariyar jinkiri, sai mu ƙirga 'yan matan ƙauyukanmu da aka cire daga makaranta aka bar 'yan'uwansu maza.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da baitin yake roƙo. Shekara fiye da 3,000 ke nan mutane suna tashi kafin gari ya waye, kuma bukatar da suka sa a gaba ita ce a gyara musu tunani. Ba su ce tunanina ba, tunaninmu suka ce, ko da mutum shi kaɗai yake tsaye a bakin ruwa. Mu saurari roƙe-roƙenmu a lokacin addu'ar masu bi ranar Lahadi: lafiya, ruwan sama, aikin yi, kuɗin makaranta, tsari daga maƙiya. Dukansu halal ne, Ubangiji da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma sau nawa muka ji wani ya miƙe ya roƙa mana hankalin rarrabe gaskiya da jita-jita, a zamanin da saƙon ƙarya ɗaya a waya yake iya tada gari? Sulemanu, da aka ba shi zaɓi a Gibeyon, zuciya mai ganewa ya roƙa, kuma Littafi Mai Tsarki ya ce roƙon ya gamshi Allah. Hikima, da fahimi, da sani suna cikin baye-baye 7 na Ruhu Mai Tsarki da muke haddacewa kafin a shafa mana mai na ƙarfafawa. Muna da roƙon a gidanmu, mun dai bar shi cikin littafin katakizim.

Haka kuma kulawarsu da furuci. Yaro ɗan shekara 8 yana maimaita ɗango ɗaya har muryarsa ta sauka daidai inda ta malaminsa ta sauka, mu kuwa sau da yawa mukan kwashe rosari da gudu kamar ana korarmu, rabin farko na addu'a bai ƙare ba rabi na biyu ya hau kansa. Ba mu gaskata cewa kuskuren gaɓa zai juya mana addu'a ta zama la'ana kamar ta Tvashtar, gama Wanda muke kira yana jin nishin da ba shi da kalma. Amma wanda yake magana da sarki ba ya tauna kalmominsa. Mu ma muna da kalmomin baƙon harshe da muke rerawa kowane mako, kuma da za a tsai da mu a ƙofar majami'a a tambaye mu fassararsu, da yawa za mu sunkuyar da kai. Amin kalmar Ibrananci ce mai nufin tabbas haka ne. Halleluya umarni ne ga taro su yabi Ubangiji. Kiriye eleyison Helenanci ne, roƙon jinƙai. Hosanna kuwa, wadda muke ɗaga murya da ita kamar guɗa, asalinta kukan mai neman agaji ne, ma'anarta ka cece mu.